Mama a Bayan Ƙofa

Honiara, 3 ga Yuli

Gavin,

"Tafi hankalinki kwance, ni zan kai Mama opera, wasan kwaikwayon nan na waƙa." Bakinka ne ya faɗa a filin jirgin Sydney. Duk da haka ina gaishe ka. Ya Trish da yara?

Ni lafiya lau. Zazzaɓin cizon sauro ne ya ɗan kwantar da ni, kada ka gaya wa Mama.

Na ji ka kai ta, amma a makare. Ba ka san in an fara ana rufe ƙofa sai hutun tsakiya ba? Matar da ta tsufa tana guga tana jin opera a rediyo, ta sa rigar da ta sa ranar aurenka, ta ƙare a zaure tana kallo a talabijin. Da muka yi waya cewa ta yi, "Ai zauren ma yana da kyau, 'yar nan." Na gwammace ta zage ni.

Kuma wa ya ce ka fara mata da na Jamusawa mai awa biyar? Nemi gajere na Italiya, mai ban dariya, wanda ake yi da rana. Kujera a tsakiya, inda za ta ga fassarar da ke saman dandamali. Likita ya ce kunnenta na hagu ya tafi, na dama yana bin sahu.

Na ba ka zuwa ƙarshen Agusta. In ya wuce, zan ajiye aikin asibitin nan in zo in kai ta da kaina, kai kuma ka jira mu a zaure.

Allah ya shirye ka.

Yayarka,
Noelene