Ni ce na ce injin Kawu yana kama kurwa

Gaisuwa ga mai wannan fili da masu karatu. Don Allah ku ba ni shawara, amma a ɓoye sunana in ba so kuke a yi kilishi da ni ba.

Shekarata sha biyar, ina zaune a Unguwar Mu'azu wurin ƙanen mamata, Kawu Dakta. Daktan kimiyya ne, shekara bakwai ya yi yana karatu a Turai har gashin kansa ya gudu. Aikinsa binciken jinin masu sikila. A wurin aikinsu suna da wani inji, a ɗiga jini a 'yar kwalba, a haska ta, sai alƙalami ya yi ta zane a takarda kamar sawun tsutsa, shi kuma daga zanen yake gane abin da ke damun jinin.

To ni bakina ba linzami. Ran nan a layin famfo wata tana cika baki babanta ya sayi mota Fijo, sai na ce ai mu injin Kawu kurwar mutum yake kamawa ya zana ta a takarda. Aka yi dariya, na manta.

Ashe Kawu ya taɓa ɗibar jinin Talatu, 'yar maƙwabtanmu mai sikila, da yardar uwarta. Da ciwonta ya tashi, ranar Lahadi muna dawowa daga coci, yayyenta da 'yan unguwa suka tare mu, wai Kawu maye ne. Suka fizgo shi daga kan Besfa, suka fasa masa tabarau a fuska, wani ya sauke masa faskare a hannu har na ji ƙarar ƙashi. Yana ta cewa a kai ta asibiti, su kuwa suka ja shi a ƙasa har ɗakinta, wai sai ya tsallaka ta sau uku ya saki kurwarta. Ya tsallaka, jini na zuba a bakinsa.

Abin haushi, washegari Talatu ta miƙe har da neman ƙarin tuwo. Shi ke nan, kowa ya tabbatar.

Yanzu ba uwar da ke yarda a taɓa jinin ɗanta, binciken ya tsaya, Kawu yana maganar ajiye aikin. In na fito na ce wasa nake, tsorona kada su ce ai maita a nono ake sha, su haɗa har da ni da mamata.

Jiya ina ba shi kunu a baki, tunda hannun na cikin filasta, sai ya ce tunda kunnena ya fi na zomo, in binciko masa wanda ya fara maganar nan kafin Lahadi.

Jama'a, sunan wa zan kai masa?