Wutar da ke yawo a gonar tsamiya

Gwaggo Hajara,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar taki, ya Alhaji da yara? Mu nan Kunci lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Tun da gero ya nuna, wata wuta shuɗiya take yawo a gonar tsamiya bayan magariba. Masu girbi sun gudu, tsuntsaye suna ta cin gero. Inna ta ce don Baba ya hana ajiye damin farko a gindin tsamiyar ne, yadda Kaka yake yi. Na ce wallahi ɓarawo ne da tocila! Na taɓa karanta cewa fadama tana yin irin wannan haske, to ina fadama a jigawa?

Shekaranjiya na bi ta da sanda. Babu sawu, babu toka. Da na faɗa a gida, Inna ta fashe da kuka tana kiran sunan Baffa Idi, sauran suka yi min shiru kamar ni bare ne.

Gwaggo, ke ki faɗa min gaskiya: shi ma Baffa Idi bin wutar ya yi kafin ya daina magana?

Ki gaishe da kowa. Ki sa ni a addu'a, don Allah.

Ɗanki,
Lawan