Ƙarangiya a Wandon Nura

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya zafin Fatakwal? Ya Hadiza da yara, ya ƙafar nan taka? Mu nan Daura lafiya lau, gero ya fara fitar da kai.

Maganar ɗanka Nura ce ta hana ni sukuni. Tun da shari'a ta zo aka rufe gidan kallon unguwarmu, samari suka koma yawon la'asar. Titinmu kuma 'yan acaɓa sun cinye shi, babu inda yaro zai taka. Kullum in na tambaye shi sai ya ce, "Gwaggo, Kusugu kawai muke zagayawa mu miƙe ƙafa."

To, ni ke wanke masa kaya. Sati uku ke nan ina tsince ƙarangiya a ƙafar wandonsa. Sani, nan aka haife mu: yaushe ƙarangiya ta tsiro a tsakiyar gari? Sai dai hanyar gonaki, inda masu fasa-ƙwaurin fetur ke bi da babura zuwa Kongolam, bakin iyakar Nijar.

Da na matsa masa, ya amsa yana bin hanyar gonakin, wai can ne kaɗai ake samun inuwa da iska. Wataƙila gaskiya ne. Amma jiya na sansana rigarsa, ba warin ciyawa na ji ba, na fetur ne.

Ka sa shi a addu'a, ka gaida Hadiza. Ƙarangiyar na tara ta a gwangwani. In ka zo sallah, ya nuna maka lungun Kusugun da take fitowa.

Yayarka,
Binta