Geron Inna a Bayan Badagiri

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo, wadda ke kwance a maƙabartar Tsamaye.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ɗa ga uwa, da roƙon Allah shi sa kina cikin ni'ima, ina sanar da ke ina nan Badagiri, bakin teku, lafiya lau sai gajiya. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma akwai labarin geronki da ban taɓa ba kowa ba daga farko har ƙarshe, kuma ke ce mai shi. Duk ɗan garinmu da ya karanta, shi zama shaida.

Aikina jan doki ne, dokin ma ba nawa ba. Mutanen Ikko na zuwa Asabar da Lahadi shan iska, su baje tabarmi a rairayi, su hau a ɗauke su hoto, ni ina riƙe da linzami. Wuni nake tafiya cikin yashi har ƙafafuna su daina jin nawa ne. Su ruwa suka zo kallo. Ni kam ranar da na fara ganin teku haushi ya ba ni. Ruwa iyakar ganinka, ba ya shayuwa, ba ya raya ko ciyawa, mu kuwa mun baro rijiyoyi sai ƙasa ke fitowa a guga.

Kin tuna safiyar da za ni taho, bayan damina ta biyu da ta ƙi mu? Kika shiga rumbu kika fito da gora, cike da irin geron nan mai doguwar zangarniya da kika gada wurin kakarmu, kin cakuɗa shi da toka saboda ƙwari. Kika ce, "Nomau, tafi da shi nesa. In ya kwana gidan nan, yunwa za ta sa a daka shi, kuma ba za ni iya hanawa ba."

Yaya Bawa bai ji daɗi ba. Ya raka ni tashar garin Isa, sai da mota za ta tashi ya ce, "Ɗiyana na cin tafasa, kai ka ɗauki hatsi. Je ka shuka shi cikin teku." Maganar ta daɗe tana cina. Amma in za a faɗi gaskiya, shi ke da bakuna a gabansa, ni kaina kaɗai na ɗauka.

Iri ba ya son zama, Inna, ke kika koya mani. A nan kuwa iska jiƙaƙƙiya ce, ko gishiri narkewa yake a kwano. Na san in ban shuka na sabunta shi ba, gorar za ta zama kabarinsa.

To, na ga yashin bakin teku fari tas, sak jigawarmu. Na samo sungumi na yi binne kamar yadda muke yi a gida, a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa shi jira ruwan fari. Masunta suka bar gyaran koma suna kallona, ɗaya na ce wa ɗaya Malam na binne kuɗi. Geron ya tsiro kuwa, rawaya, kamar mai ciwon shawara, ya kwanta. Yashin gishiri ne. Da na sa a harshe tun farko da na sani, amma wane Bagobiri ya taɓa ɗanɗana ƙasa kafin shi shuka?

Na matsa ciki, nesa da teku, na sake shukawa da ruwa ya sauka. Ya tashi har ya fi ni tsawo. Sai dai ruwan nan bai san tsayawa ba, zangarniya ta yi baƙi da funfuna tana tsaye. A cikin kwanakin ne wani direban motar goro ya tsaya mani da ta'aziyyar rasuwarki, yana zaton na sani. Bawa bai aiko ba. Wannan ma na riƙe shi a rai, duk da na san shi ya yi jinyarki, shi ya sa ki a kabari, ni ina nan ina jan doki.

Abin da ya rage a gora bai kai rabi ba. Sai na shiga yawo ranar Litinin, da babu baƙi, in ja doki neman ciyawa, ni kuma ina neman ƙasa. A wanga yawo na ga Badagirin da masu shan iska ba su taɓa gani ba, ita nake son in nuna maki.

Bayan gari akwai wani ruwa kwantacce kamar gulbinmu da kaka, tsakaninsa da teku tudun yashi ne da itatuwan kwakwa. In ka hau tudun, hannun dama teku na hauka, hannun hagu ruwa ko motsi ba ya yi. A cikinsa na ga gonar kifi. Wallahi gona, Inna. Suna kafa rassan itace cikin ruwa, kowa da iyakarsa, kifi shi taru shi yi ƙiba, in lokaci ya yi su kewaye da koma su girbe. Har faɗan iyaka suke yi, irin na Bawa da maƙwabcinsa.

Gaba kaɗan akwai ƙauyen da mata ke soya man kwakwa a manyan tukwane. Tun daga nesa ƙamshi ke tarye ka, har doki ke ɗaga kai. Na tsaya na tuna ki a gindin murhu kina matsar ƙuli. Ba a sayar da komi na 'yan yawon buɗe ido a wurin, shi ya sa ba wanda ke zuwa, shi ya sa kuma in ka yi sallama ake ba ka wurin zama.

A bayan wanga ƙauye na gan ta. Kuka, Inna. Guda ɗaya tal a kan jan tudu, an ɗaura mata farin ƙyalle a gindi, ganye shar ba wanda ya taɓa tsinka. Na tsaya kamar na ga ɗan'uwa a kasuwar baƙi. Na ce a raina, ƙasar da ta riƙe kuka ba za ta ƙi gero ba.

Tudun na wata tsohuwa ne, Iya Mautin, mai lambun tattasai, tana jin Hausar kasuwa. Su suna girmama itacen a al'adarsu, don haka ban taɓa ko ganye ba sai da na roƙa. Da na ba ta labarin shukata biyu ta yi dariya har tana riƙe ciki. Ta ce, "Malam, ku ruwan damina ɗaya gare ku a shekara, shi ya sa kuke rawar jiki. Mu biyu ne. Bari babban ya wuce, ka shuka da ƙaramin, rana ta busar maka." Muka shirya, ni in kawo mata kashin doki don lambu, ita ta ba ni gefen tudu da ganyen reshe ɗaya. Ranar da na kai mata miyar kuka ta lasa, ta dube ni ta ce, "Wannan miya ce ko horo?" Amma ta cinye.

Na zuba sauran irin duka. Na kife gorar, na buga gindinta, ba ko ƙwaya. Ban taɓa jin tsoro irin na wagga rana ba. Ruwa ya yi kaɗan-kaɗan, ya ɗauke daidai lokacin da gero ya yi bununi. Na yi ta korar tsuntsaye da gwangwani, Iya na taya ni da zagi cikin yarensu. Da na yanki zangarniyar farko na murza a tafi, ƙwayar nan ce taki, mai ruwan toka, cikakkiya. Ban ci ko ɗaya ba sai a shekara ta biyu, da ya yi yawa. Na dama fura da madarar gwangwani, ba ta kai taki ba, amma na sha a gindin kuka ina kallon kwalekwale na wucewa, na ji duniya ta ɗan sake ni.

Makon jiya direban nan ya sake biyowa. Ya ce har yanzu sama ba ta gama huce wa Gobir ba, kuma babu sauran irin gida daga Tsamaye har Kamarawa, duk an ci. Ya ce Bawa ya tare shi a tasha, ya daɗe yana kame-kame, sa'an nan ya ce, "In ka ga Nomau, ka ce masa in da sauran abin Inna, gona tana nan."

Na so in aika masa cewa yana cikin teku, shi zo shi ɗiba. Har maganar ta zo baki. Sai na tuna ba don ni kika ba ni gorar ba, don ɗiyan Bawa ne, su da yake ganin an cire wa a baki.

Jiya na ɗaure buhu na sa a mota, za shi isa kafin lokacin binne. Amma ban ba da duka ba. Na cika gorarki, na cakuɗa da toka, na toshe. In damina ta sake ƙin su, akwai na baya. Ba za ni bar gindin kukar nan ba sai na ji geronki ya shiga rumbun da ya fito. Ranar nan za ni miƙa linzami ga mai doki, in zo in tsaya a kanki.

Allah shi jiƙan ki, Inna, shi yalwata makwancinki, shi sanyaya shi kamar inuwar kukar nan. Allah shi saukar wa Gobir ruwa mai albarka, shi ba Bawa ƙarfin noma, shi saka wa tsohuwar da ta ba baƙo ƙasa. Amin.

Ɗanki mai riƙon gora,
Nomau