Zo Ka Ga Rigar Ka'aba da Idonka

Zuwa ga aminina Ɗanlami, mai ɗinkin hannu a birnin Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gaida maiɗakinka Hajara da yara, da duk wanda ya rage a zauren marigayi Malam Iro, inda ni da kai muka koyi riƙe allura.

A fili na rubuta wannan, don idan na kira ka a waya wasa kake mayar da komai. Ka tsokane ni da zaman ƙasar Larabawa, ka ce "Balarabe, ya zafi?" mu yi dariya mu ajiye. Yau ba wasa ya kawo ni ba.

Ka san yadda na zo Jidda. A aji uku na sakandare na tsaya. Na yi dako a Bab Makka, na yi guga, na kwana kan tulin yadi. Yau sunan kafilina, wato ɗan ƙasar da ya tsaya min, shi ne a allon shagona, amma duk wanda ya ratsa layin masu yadi ya san nawa ne, ni Shehu. Ba wanda ya ɗaga ni sai Allah. Abu ɗaya ya gagare ni a garin nan: bizar aikin da za ta kawo ka.

Ba don babu aikin ba. 'Yan'uwanmu na unguwar Sa'alaba, har waɗanda aka haifa a nan Hausarsu ta karye, idan aure ya zo babbar riga suke nema. Na nuna musu ta inji, tsohon ciki ya shafa ya ce, "La, mu aska takwas ta hannu muke so, irin ta babanmu." Sai in ce mu'allim yana hanya. Mu'allim, wato gwanin gwanaye, haka suke kiranka, ba su taɓa ganinka ba.

Kafili ya nema. Aka ce babu gurbin wannan sana'a, a jira. Da gurbi ya fito, aka ce layi ya yi tsawo. Ka yi gwajin asibiti, ya tashi aiki kafin a kai kanka, ka sake yi. Shi kuwa kafili kullum maganarsa ɗaya: bukra insha Allah. Goben nan ta cinye mana Sallah bayan Sallah.

An taɓa yi min tayin bizar lebura, wai ta fi sauri. Na ƙi. Mutumin da manyan gari ke aiko wa da rigunansu, a rubuta masa lebura a iƙama, takardar zaman ƙasa? Wasu suka ce ka shigo da Umra ka ɓace cikin unguwar Mahjar kamar yadda ake yi. Wannan ma na ƙi, har gobe kuma ina kan bakana. Ba za ka yi furfura kana leƙen motar 'yan sanda ba.

Ka san dalilin da ya sa na kama wannan shagon? Ƙofarsa gabas take kallo. Hasken safe na zuba a gefe guda, daidai yadda kake so. Na shimfiɗa darduma a wurin, ba na barin kowa ya zauna. Masu injina sun sa masa suna wurin mu'allim.

Makon jiya Hajara ta gaya wa matata abin da ka ɓoye min. Yanzu ita ke zura maka zare a allura, kuma da la'asar ta yi sai ka naɗe aiki. Kada ka yi mata faɗa. Na kwana biyu ban ci abincin kirki ba.

Sai na tuna kalandar nan ta zauren Malam, mai hoton Ka'aba. Kai kana manna hancinka a jiki kana bin zaren zinariya da farce, kana cewa, "Shehu, wannan hannu ne, ba inji ba. Wata rana sai na gani kusa." Ni kuwa na yi ɗawafin da ban san adadinsa ba, ina kallon ɗinkin nan da idon ɗan kasuwa. Kai ya kamata ya gan shi.

To ga shawarata, kuma ba roƙo ba ne. Bizar aiki a bar ta a layinta. Ka shirya Umra, kai da Hajara, hidimar tawa ce. Ba za ka taɓa allura ba, ba za ka wuce kwanakinka ba. Zan kai ka asibitin ido a nan, in kai ka Makka da rana tsaka, lokacin da zinariyar ke ɗaukar haske, mu kutsa har gaban ƙofa. Da safe kuma ka zauna a kan dardumar nan ka sha shayi, ko sau ɗaya, mutanen Sa'alaba su san ba ƙarya nake musu ba.

Abu ɗaya nake gargaɗinka. Na san halinka, ba ka yarda da ɗinki sai ka juya ka ga bayansa. Wannan rigar ba a ɗaga ta, Ɗanlami, kada ka sa askarawa su kama mu da tsufanmu.

Allah Ya ƙara maka hasken ido, Ya riƙe maka shi har ka iso. Allah Ya buɗe ƙofa ga duk mai sana'ar da ke zaune yana jiran takarda, Ya jiƙan Malam Iro. Amin.

Naka har kullum,
Shehu, layin masu yadi, Bab Makka.