Sunanmu a Ƙasan Takarda

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni mahaifiyarku ce nake rubuta wannan da hannuna, a gado na uku daga taga, ɗakin mata na asibiti. Hankalina cikakke ne. Likita ya duba ya tabbatar, ni ma na gwada kaina: duk wanda nake jin haushinsa kafin in kwanta, har yau ina jin haushinsa, kuma ina tune da dalili. Ciwon a hanta yake, bai hau kai ba. Shekaruna hamsin da huɗu. Na so a ce sun fi haka, amma waɗanda aka ba ni na ji daɗinsu, na gode wa Allah.

Na ɗaya. Rabon gado ba aikina ba ne, na yi karatun da ya isa in san ba a yi wa magaji wasiyya. Roƙo nake yi. Maɗaba'ar da ni da marigayi babanku muka kafa, kada ku sayar da ita, kada ku raba ta uku. Inji ɗaya ne, ba ya yankuwa. Shi ya ciyar da ku, shi ya kai ku makaranta, kuma ma'aikata huɗu suna cin abinci a ƙarƙashinsa.

Na biyu. Auta, littattafaina na riga na ba ki a gaban yayyenki. Za ki ga na zagi wasu marubutan a gefen shafi da jan biro. Kada ki goge, amma ki karanta su tukuna kafin ki goya mini baya. Biyu daga cikinsu daga baya na gane su ke da gaskiya.

Na uku, kuma saboda shi na nemi takarda da biro. Injiniya, babban ɗana, na san zancen farantin bugu, wanda ake ɗora wa inji ya buga takarda, da ka ɓoye a bayan ɗaurin takardu, ƙarƙashin teburin yankan takarda. Malama, 'yata, na san ke kika gan shi, kuma tun ranar ba ki ƙara taka shagon ba. Wata uku ke nan ba kwa magana. Ɗaya ya zo dubiya da safe, ɗaya da yamma, kamar masu canjin gadi, kowa ya ce mini ɗan'uwansa yana lafiya. Kun ɗauka don ina kwance ban iya lissafi ba.

Zan tuna muku asalin abin, don Auta tana makarantar kwana lokacin. Shekara huɗu da suka wuce, saura kwana biyu zaɓe, mutanen ɗaya jam'iyyar suka raba takarda a unguwarmu. Sun kwaikwayi tambarin hukumar zaɓe, suka ce an mai da rumfar zaɓenmu daga makarantar firamare zuwa bayan tashar mota. Ƙarya ce. Tsofaffi suka taka har can, suka tsaya a rana har azahar suna jiran akwatin da ba zai zo ba. Kakarku tana cikinsu, da sandarta. Muka faɗi da ƙuri'a ɗari biyu da sha biyu. Yanzu saura mako shida wani zaɓen, ga shi Injiniya ya riga ya shirya farantin irin wannan takardar sak, don a raba a unguwarsu.

Kada ɗayanku ya zaci jinya ta sanyaya ni. Na fi ku jin zafin abin. Da muka taru a ofishin jam'iyya bayan faɗuwar, shugaban mazaɓa, wanda nake kira Alhaji A-yi-haƙuri, ya miƙe ya ce a bar wa Allah, a kafa kwamiti. Na ce masa Allah bai taɓa neman a taya shi da kwamiti ba, kuma haƙurin da yake rabawa na tsofaffin da suka sha rana ne, ba nasa ba, shi da ya jefa ƙuri'arsa ya koma cikin mota mai sanyi. An ce na yi rashin kunya. Na yi, kuma ban janye ba.

Amma ku tuna abin da na yi da fushina. Kwana huɗu na yi da gilashin duba rubutu a kan takardar nan, har na ga wani siririn layi a gefen hagu, tabon da inji ke bari in ya samu ƙarzuwa. Na san layin. Yana kan kowace kalanda da mai maɗaba'ar tsallaken titi ya buga a shekarar. Na ɗauki kalandarsa da takardar ƙaryar, na jera su gefe da gefe, na sa jar kibiya a kan tabon, na buga dubu biyar. A ƙasa kuma na sa abin da babanku yake sawa tun ranar da muka buɗe shago, ko katin gayyata ne ko rasit: sunan maɗaba'armu da lambar shagonmu, da ƙananan haruffa. Aka fasa mana gilashin ƙofa. Na share, na ƙara dubu biyar.

Mun yi wata goma sha ɗaya a kotu a kan zaɓen, ba mu yi nasara ba. Ba zan yaudare ku in ce gaskiya kullum tana cin zaɓe ba. Na karanta tarihi da yawa, na ga inda maƙaryata suka ci, suka mutu a kan gado mai laushi. Amma ga abin da muka samu. Yau a unguwarmu, kai har a tasu, in aka miƙa wa tsohuwa takarda, ƙasan take fara kallo. In ba ta iya karatu ba, sai ta tambaya wa ya buga. In babu suna, ta naɗe gyaɗa a ciki. In sunanmu ne, ta yarda. Shekara ashirin da shida muka yi muna gina wannan yardar, kuma ita ce kaɗai makamin da jam'iyyarmu take da shi wanda tasu ba ta da shi.

Injiniya, farantinka babu sunanmu a ƙasansa, kuma ka san dalilin da ya hana ka sawa. Ka manta injinmu ma yana da nasa tabon, ɗan ɗigon nan na kusurwar dama da ka yi shekara uku kana cewa za ka gyara. Mai tsallaken titi ba makaho ba ne, yana da gilashi irin nawa. Ko da ma ba a kama ka ba, waɗanda za su tsaya a rana kakannin wasu ne. Fushinka nawa ne, a nonona ka sha shi, kuma ina alfahari da ɗan da har yau bai huce ba a kan kakarsa. Ka sa fushin inda za ka iya tsayawa a bayansa da rana tsaka.

Malama, kada ki yi murmushi, ban gama ba. Kin yi daidai a kan farantin, kin yi kuskure a sauran. An gaya mini kina cewa shagon ya daina aikin siyasa gaba ɗaya, jam'iyya kuma ta zauna taron sulhu, ta daina tonon asiri. Ke kina ganin tsabta ce. Ni gudu na gani, kin bar ɗan'uwanki shi kaɗai da inji da zuga. Wanda ya yi maka ƙarya, in ka amsa masa da shiru, ka koya masa ya sake. Ba na so ki zama Alhaji A-yi-haƙuri mai digiri.

Ga yadda nake roƙon ku yi. Injiniya ya riƙe inji. Malama ta riƙe gyaran rubutu. Babu abin da zai hau inji sai ta karanta ta sa hannu. Ita kuma ba ta da ikon hanawa don kawai maganar ta yi zafi. Tambaya biyu za ta yi: gaskiya ce, kuma za mu iya sa sunanmu a ƙasa? In amsa e ce, a buga, ko da za a sake fasa gilashi. Ku buga alkawuran da ɗan takararsu ya yi, da hoton ramin da har yau yake gaban asibitin nan. Ku buga ainihin wurin kowace rumfa, tamu da tasu, ku raba kyauta kafin wani ya riga ku da ƙarya. In namu ɗan takarar ya kawo aikin da yake so a cire suna, ku nuna masa ƙofa, ko da shi zai ci.

Na huɗu. Mai maɗaba'ar tsallaken titi ya zo dubiya ranar Talata, ya tsaya a ƙofa yana murza hula, ya kasa shigowa. Haƙƙina ni kaɗai na yafe masa. Na tsofaffin ba nawa ba ne, shi ya san inda zai same su. Ku riƙa gaishe shi. Bara da bel ɗin injinmu ya tsinke muna tsakiyar buga takardun jarrabawa, shi ya aiko da nasa.

Na biyar. Ku gode wa ma'aikatanmu a madadina, sun jure bakina shekara da shekaru. Ku gode wa ƙanwata, gwaggonku, wadda ta bar gidanta ta tare a gefen gadon nan. Ku kuma, na gode muku. Ban kasance uwa mai sauƙi ba, na gyara muku rubutu har a katin gaisuwa, amma ba ku taɓa sa na sunkuyar da kai ba.

Ban yarda a ajiye wannan takarda sai bayan raina ba, don na san ku, za ku yi kuka ku ce Mama ta yi gaskiya, sannan kowa ya ci gaba da abinsa. Na ba gwaggonku ta kawo muku yau. Gobe da ƙarfe huɗu ina so ku zo a mota ɗaya, ku shigo ɗakin nan tare, da farantin a yanke gida biyu. Ku yi faɗa a hanya in kun ga dama, faɗa ma magana ce.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu gardama da ku a kan gaskiya. Ku riƙe Auta, ku riƙe juna. Zaɓe yana zuwa yana wucewa, wani a ci wani a faɗi, amma ku ukun nan babu wanda zai sake haifa mini ku. Ku yafe mini, na yafe muku.

Mahaifiyarku.