Albasata ta ruɓe ɗakin kwano

Yaya Bello, salamu alaikum. Gaisuwa ta manya ga kowa da kowa, har awakin gidanku, daga babban attajirin Jega! Ya Legas, ya yara?

Ka san ni: na yi pawa Maiyama, na yi kabu-kabu, har ɗakin kwano na gina. To bana nic ce albasata ta hi ƙarhin rudu, rumbun karan nan mai shan iska da mutanen Aliero ka ajiya ciki. Niz zuba ta ɗakin kwano, nir ruhe ƙyaure, ba iska. Duk ta ruɓe. Maƙwabta na gaishe ni suna toshe hanci.

Wallahi na gaji, Yaya. A sa ni addu'a, a gaida Inna. Ka aiko mani tayar babur, attajiri za shi koma kabu-kabu.